Shekarar da Na Yi Alfahari da Ƙibar Hansai

Bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Ni Sale, wanda ake ce wa Na-Turke a ƙauyenmu na yamma da Ɗambatta, na yi kusan shekara guda ina yi wa ciwon matata kirari a bainar jama'a. Ba ɓoye shi na yi ba, ba kuma rashin abin kai ta asibiti ne ya hana ni ba. Alfahari na yi da shi, har da gyara zaman hula. In kana neman wawan da ya fi ni, sai dai ka hau mota.

Bokona bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, shi ma rani biyu na yi, a na uku malamin ya gaji da mu. Wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙe shi da kansa. Na rubuta ne don mai irin kaina ya karanta ya shiga ɗaki ya dubi mutanen gidansa.

Sana'ata kiwon turka. Bayan kaka nake sayen raguna ramammu, in ɗaure su, in yi ta ba su dusa da harawa da kowar wake har Layya ta zo. Kullum in na dawo daga masallaci da asuba, kafin in gaisa da kowa a gidan, wajensu nake nufa. In taɓa hanci, in ɗaga fatar ido, in shafa gashi in ga ko yana zuba, in duba kashin da suka yi. Rago ya rage dusa loma biyu, na sani. Tun da kuma yau ranar faɗin gaskiya ce: da ƙuruciya na sha ba rago ruwan kanwa da gishiri ana gobe kasuwa, ya yi ta kwankwaɗar ruwa har cikinsa ya yi tim, ɗan birni ya saya yana murna. Na tuba tuni, amma ilimin bai tafi ba. Tun daga bakin kara, wato inda ake cinikin dabbobi, nake bambance ƙibar gaskiya da ƙibar ruwa.

Hansai ita kaɗai gare ni, kuma ta ishe ni. Mun haura shekara talatin tare. Siririya ce kamar sillen kara, ga sauri, ga baki. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, kuma kafin ka gama sallama ta faɗa maka laifinka uku. Duk tsawon shekarun nan abokaina na majalisa ba su da abin tsokanata sai ita.

"Na-Turke, ka iya sa ragon sayarwa ƙiba, ka bar matar gida iska na neman ɗauka."

Ina dariya, amma maganar tana sukata. To, ka ga inda wautata ta samo tushe.

Da kakar bara waccan fuskarta ta fara cika. Zoben azurfarta ya matse, sai da sabulu aka zare shi. Mata suka fara cewa Hansai ta yi kyau, Hansai ta samu hutu. Labari ya iso majalisa, ni kuwa na miƙe ƙafa.

"Ai kiwo haƙuri ne," in ji ni. "Wata dabbar wata uku take ɗauka, wata shekara talatin."

Aka yi ta dariya, har ana ba ni hannu.

Da rani ya shigo sai ta fara barci bayan azahar, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta rage suyar ƙuli, daga baya ta daina gaba ɗaya, ta ce hannunta ba ya iya matsar tunkuza. Muryarta ta yi kauri kamar ta mai tsohuwar mura. In ka yi mata tambaya, kana iya zuwa ka ɗaure rago ka dawo kafin amsar ta iso. Faɗa kuwa ya ɗauke ɗif. Sai in zubar da ruwa a tsakar gida, in bar ƙofar rumbu a buɗe, ba wanda zai ce min kanzil. Allah Ya yafe min, daɗi na ji. Na ce ashe ƙiba har hali take gyarawa.

Abin da ya kamata ya tashe ni daga barci shi ne cin abincinta. Loma uku, huɗu, ta ture kwano. Ni da na san ba a ƙiba sai da ci, maimakon in yi tunani sai na mai da shi wasa.

"Hansai, faɗa min gaskiya, ina kike ɓoye tukunya ta biyu?"

Ta dube ni, ta daɗe, sannan ta ce, "Malam, sanyi nake ji."

A bazara ke nan fa, lokacin da ko kaza buɗe baki take a inuwa. Kowa yana neman iska, ita tana cikin bargo.

Masu ba da shawara ba su yi ƙaranci ba. Maƙwabciyarmu ta ce ciwon shawara ne, ta kawo jiƙo mai ɗaci. Wata ta ce hawan jini. Wata ta ce wannan shirun ba na lafiya ba ne, iska ce, a yi hayaƙi. Yayanta, malami ne a Bagwai, ya aiko da rubutu, ta sha, Allah Ya saka masa. Mai kemis ya ba da ƙwayar sa fitsari, ta sha ta kwana biyu jiri ya kusa kayar da ita, aka bari. Ni kuma, babban likitan gidan, na ce ba komai ba ne, jiki ne bai saba da hutu ba. Na sayo man shanu na ce a riƙa zuba mata a tuwo.

Ranar da Allah Ya tashi kama ni, ina zaure bayan azahar sai na ji ƙaurin wuta. Ka san inda na fara rugawa? Wajen harawar raguna. Da na ga ba abin da ya same ta, sannan na waiwaya. Hansai na zaune dab da murhu tana jin ɗumi, gefen zaninta yana ci, ita kuma tana kallonsa kamar zanin wata ne. Da bokitin ruwan raguna na kashe. Ta ƙone a ƙauri, ba sosai ba, amma aka yi kwana goma ciwon bai nuna alamar kamewa ba.

Ƙanwarta Ladidi, wadda ke aure a Bagwai, ta zo dubiya. Ni da Ladidi wasa muke tun tana yarinya, ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Na-Turke, ko mijin tumaki. Ta shekara ba ta zo ba. Ta yi sallama a tsakar gida, Hansai ta amsa daga ɗaki. Ladidi ta tsaya.

"Wane ƙato ne a ɗakin Yaya?"

"Shiga ki ga aiki," na ce. "Sillen karan da kuka ba ni ne na mayar muku turmi."

Ta shiga tana dariya. Ta jima. Da ta fito babu dariyar.

"Malam Sale."

Jin ta kira ni haka, sai na bar dariya.

"Yaushe rabonka da ka dubi Yaya?"

"Kullum ina ganinta mana."

"Ban ce gani ba. Shiga ka dube ta. Ina nan tsaye."

Na shiga, na ɗage labule haske ya shigo. Na kama hannunta. Sanyi ƙalau kamar gindin randa, fatar ta bushe tana garje-garje. Fatar idonta ta kumbura. Girarta daga tsakiya zuwa gefe babu gashi. Na ɗan zame ɗankwalin, na ga kitson da a da ake yi mata manya guda shida ya koma wasu 'yan siraran abubuwa, fatar kai a fili. Na danna ƙaurin da bai ƙone ba. Bai lotsa ba, kuma ba laushin kitse ba ne. Yatsuna sun san kitse ko a cikin duhu. Wannan ba shi ba ne.

"Hansai," na ce, "tun yaushe?"

Na jira amsar. Wannan karon ban je ko'ina ba.

"Na faɗa maka," in ji ta. "Sanyi."

Washegari muka je ƙaramin asibitin da ke kusa da mu. Ma'aikacin ya wanke ƙunar, ya auna jini, ya riƙe hannunta yana kallon agogo, ya sake riƙewa. Ya ce bugun zuciyarta ya yi ƙasa, wannan ya fi ƙarfinsa, ya rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a birni. Ranar kasuwa na ja balamin da na fi ji da shi na kai Ɗambatta, saura 'yan makonni Layya, lokacin da mai hankali ba ya sayarwa. Dillalai suka gane a matse nake, suka yi min abin da na sha yi wa wasu. Ban yi musu ba.

Satin farko a birni ba mu ga likita ba. Layin yankar kati kawai ya cinye mana safiya, aka ba mu rana, aka ce mu dawo. Wanda ya tsara a sa marar lafiya ya hau motar haya sau biyu don takarda ɗaya, Allah Ya shirye shi. Amma kuma akwai wata mai shara da ta ga Hansai na layi tana tangaɗi, ta ajiye tsintsiya ta nemo mata kujera. Ban san sunanta ba, ina sa ta a addu'a.

Sati na biyu muka samu benci a ƙofar likita. Kusa da ni wani mutum ne, tela daga Minjibir, a bushe kamar kilishi, idanu a waje, gumi na zuba, yana fifita da katinsa. Hansai na gefena cikin bargo. Na kwance ƙullin dambun da Ladidi ta yi mana na ce bismilla, irin tayin da ake yi don kunya. Kafin in kai loma ta uku ya ga ƙasan kwano.

"Ka yi haƙuri, Malam," in ji shi. "Haka nake. Sau biyar nake ci a yini, dubi abin da ya rage a jikina. Hannu kuma rawa, zare ya gagare ni sawa a allura."

Na dube shi, na dubi matata. Wannan yana ci kamar gara yana ƙarewa, wannan ba ta ci tana cika. A raina na ce ko dai ma'aikata sun yi kuskure, ina haɗin waɗannan biyu da ƙofa ɗaya?

Likitar mace ce, ba za ta girmi 'yarmu ta fari ba. Ta gaishe mu da ladabi, sannan ta fara jero tambayoyi. Tana jin sanyi ko da ana zafi? Bayan gida yana yi mata wuya? Tana mantuwa? Gashi yana zuba? Tana barci ba ta ƙoshi? Kowace ta faɗa sai in ji kamar a gidanmu ta yi shekarar. Har da abin da ni ban sani ba, sai ga Hansai tana gyaɗa kai. Ta zagaya bayanta ta dafa wuyanta, ta ba ta ruwa ta ce ta haɗiye. Ta ƙwanƙwasa mata agara da wata 'yar gudumar roba, ƙafar ta motsa, sannan ta koma a hankali kamar mai jin nauyin komawa. Ta ce a ɗebi jini, mu dawo.

Sati na uku sakamako ya fito. Ta tambaye ni sana'ata, na faɗa mata, har da ɗan ƙari. Ta jawo takarda ta zana wani abu mai fukafukai biyu kamar malam-buɗe-littafi.

"Baba, a gaban maƙogwaron kowa akwai wannan ɗan naman. Mu muna ce masa tayirod. Shi ne in ya kumbura kuke cewa maƙoƙo, amma yana iya lalacewa bai kumbura ba."

"To, me ya haɗa wuya da ƙiba?"

"Ka ɗauki jiki murhu ne, abinci itace. Wannan ɗan naman shi ne mai fifita wutar. Yana sakin wani abu kaɗan a cikin jini, abin ya zaga ko'ina yana cewa a ci wuta. Na Inna ya gaji, ya ajiye mafici. Ga itace a murhu, wuta ba ta ci. Shi ya sa take jin sanyi. Zuciya ta rage gudu, hanji ya rage, fata da gashi sun rage, har tunani."

"Shi kuma telan nan da ya cinye min dambu?"

Ta yi dariya. "Ba na faɗin ciwon wani. Amma akwai waɗanda nasu fifitawa yake ba tsayawa. Ko me aka zuba, kamar karan dawa, yanzu ya zama toka."

Na jujjuya abin a raina. Mafici ɗaya. Ya yi sanyi ka kumbura, ya yi zafi ka bushe. Shekara sittin da 'yan kai ina yawo da shi a wuyana, yana fifitawa daidai wa daida, ban roƙe shi ba, ban san da shi ba, balle in gode wa Wanda Ya sa shi. Ina barci yana yi, ina ƙarya a kara yana yi.

"Amma dai ta yi ƙiba," na ce, don kada in tashi ba komai.

"Akwai ɗan kitse. Amma yawancin abin da kake gani ruwa ne da wani abu mai yauƙi da ke taruwa a ƙarƙashin fata."

Ruwa. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Sannan ta sassauta murya. "Kun zo a kan lokaci, amma da ƙyar. Irin wannan in aka bar shi, akwai barcin da mutum yake shiga, a yi ta tashinsa ba ya tashi."

Na tuna sau nawa na wuce ta tana barci da rana na ce a bar ta ta huta.

Da aka miƙo min maganin sai raina ya ɓaci. Ƙwaya ce fara, da kaɗan ta fi ƙwayar dawa. Balami guda na sayar, a ba ni wannan? Na koma na ce ko za a taimaka a haɗa da allura, ko ƙarin ruwa. Likita ta ce a'a. Ta ce da kaɗan ake farawa saboda zuciyar mai shekaru, murhun da ya daɗe a kwance ba a zuba masa iska gaba ɗaya. Guda ɗaya kullum da sassafe, da ruwa zalla, kafin ta sa komai a ciki, kuma ta jira kamar awa guda kafin ta karya. Bayan sati shida mu dawo a sake auna jini.

Na ce to. A mota kuma na yi wa maganar gyara.

A sanina magani ba ya shiga cikin da babu komai, yankar hanji yake. Ko ɗan akuya ba na ba shi magani sai a cikin dusa. Yarinyar nan ta yi karatu, na yarda, amma ba ta taɓa kiwo ba. Saboda haka kullum da safe sai in murƙushe ƙwayar a cokali, in zuba a kunun kanwa mai kauri, in juya, in tsaya a kanta har ta shanye. Ina yi ina jin kaina mijin kirki. Ni ne ɗebo ruwa, ni ne wanke ƙuna, har tuwo na tuƙa sau biyu, wanda raguna ma suka shinshina suka kau da kai.

Sati shida suka cika, sauƙin kaɗan ne. Bargo na nan, muryar na nan. Na fara cewa a majalisa asibitin birni suna ne kawai. Muka koma, aka auna. Likita ta dubi takarda ta ɗaure fuska.

"Inna, kina sha kullum?"

"Kullum."

"Yaya kike sha?"

Na buɗe baki zan amsa, ta ɗaga min hannu. Muka jira Hansai.

"A kunu. Malam ne yake dama min."

"Wane kunu?"

"Na kanwa."

Likita ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur.

"Baba, me na ce maka?"

Na yi mata bayanin dusa da ɗan akuya, dalla-dalla, don ta ƙaru. Ta saurara har na gama.

"Baba, ranar da na zo sayen rago, abin da ka ce shi zan bi. Yau kai ka zo wurina. Abinci, balle kanwa, riƙe maganin nan yake a cikin hanji, ya hana shi shiga jini. Sati shida kana ba ta, rabinsa yana wucewa."

Wata ma'aikaciya da ke gefe ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Na ce a raina, Sale, sau biyu ke nan.

Daga ranar muka bi ƙa'ida. In an idar da sallar asuba ta haɗiyi ƙwayarta da ruwan randa, ta zauna a tabarma a tsakar gida tana jira. Na ga bai dace in sha kunu tana kallo ba, sai ni ma na koma jira.

Sati na biyu da gyarawa ta fara yawan zagayawa, fatar idon ta saɓe. Sati na uku na ga bargo a kan igiya, an wanke, ba a mayar ɗaki ba. Ƙunar da ta ƙi kamewa ta bushe. Na huɗu ta cinye tuwonta ta nemi ƙari, kuma abin mamaki, tana ƙara ci tana ƙara saɓewa. Ni da na shekara arba'in ina cewa ci shi ne ƙiba, na tsaya ina kallon ƙa'idata tana rushewa a gabana saboda abin da bai kai ƙwayar wake ba. Zoben azurfa ya koma yatsa ba sabulu.

Ranar Talatar sati na shida, ina zaure, sai na ji wata murya daga cikin gida, siririya, mai kaifi, wadda na yi shekara ban ji ba.

"Wane marar tsoron Allah ne ya jiƙa dusa a tukunyar suyata?"

Na miƙe na nufi cikin gida.

"Malam! Da kai nake! Tukunyar da na gada wurin innata? Ka rasa abin da za ka ba 'yan uwanka abinci a ciki sai ita? Kuma wa ya bar rumbu a buɗe?"

Na tsaya a bakin ƙofa tana zazzaga min, hawaye na bin gemuna. Ta dakata.

"Kukan me kake?"

"Ci gaba," na ce. "Saura laifi ɗaya, uku kike yi."

Da muka koma, likita ta ɗan ƙara ƙarfin ƙwayar, ta ce jini ya kusa daidaita. Ta gargaɗe mu cewa wannan ba irin maganin da ake sha a warke a ajiye ba ne. Ɗan naman ba zai koma aiki ba, ƙwayar ce take yi masa aikin, har iyakar rai. In an daina, sanyin zai dawo. Wannan ita ce wahalar da ta rage mana: a kusa da mu ba kullum ake samunsa ba, sai an shiga birni, kuma lokaci-lokaci sai an sake auna jini. Duk da haka in na tuna abin da aka ba ni da abin da na bayar, kunyar yin ƙorafi nake. Telan Minjibir ma mun sake haɗuwa a benci, ya ɗan yi kumatu, ya zare allura daga hularsa ya sa mata zare a gabana don in shaida. Na yi masa tayin dambu, ya ci loma biyar ya ce alhamdulillahi.

Ba a raba ni da wauta gaba ɗaya ba. Na dawo gari na zama likitan wuya, duk mai tumbi in ce ya je a auna shi. Na matsa wa Alhaji Mudi mai injin niƙa har ya je. Ya dawo ya same ni a majalisa.

"Na-Turke, sun ce nawa maficin lafiyarsa ƙalau. Tuwo ne kawai. Ka biya ni kuɗin mota."

To, ba kowace ƙiba ce ciwo ba, ba kowace rama ba. Amma in ka ga mutum yana cika ba ya ci, yana jin sanyi ana zafi, ya yi shiru ba halinsa ba, ko yana ci yana ƙarewa, kada ka tsaya yi masa fassara. A kai shi a auna jini.

Da kaka aka yi mana jika, na ba da ragon suna. Da Ɗan'azumi mahauci ya zo fiɗa, na tsuguna kusa da shi na ce ya bi wuyan a hankali, akwai abin da nake nema. Ya yi ta tsaki yana cewa na tsufa da fitina. Can ƙasa da inda wuƙa ta bi, a manne da maƙogwaro, sai ga su: 'yan nama biyu jajaye, ɗaya a kowane gefe, kowanne bai fi ƙwallon dabino ba.

"Wannan?" in ji shi. "Wannan ai tarkace ne. Tun ina yaro nake fiɗa, ban taɓa tambayar sunansa ba."

Na sa ya yanko min, na ɗora a tafin hannu. Ba nauyi, ba kyan gani. Duk dusar da na auna, duk harawar da na tara, duk cika bakin da na yi a kara cewa hannuna ne yake sa rago ƙiba, ashe akwai wannan a ɓoye yana yanke hukuncin abin da dusar za ta zama. Irinsa ne ya kwantar da Hansai, ya ɗauke mata murya da dariya da faɗa, irin aikinsa ne kuma aka dunƙule a 'yar ƙwaya aka dawo min da ita. Na ce Subhanallahi. Ɗan'azumi ya ce in ba shi wuri, mata na jiran kayan ciki.

Yanzu awar nan ta jira ta zame mana al'ada. Ta sha ƙwayarta ta zauna a tabarma, ni kuma in shiga cikin dabbobi ina duba su, tana kallona. A da ba ta taɓa samun zaman da za ta ga yadda nake yi ba, tana can wajen murhu.

Shekaranjiya da safe ina zagayawa sai na tsaya a kan wata tunkiya. Ba abin da wani zai gani. Kunnenta ɗaya ne ya ɗan sauka, kuma ta bar dusa kaɗan a gefen kwano. Na tsuguna, na taɓa hancinta, na ɗaga fatar idonta, na shafa bayanta ina duba tafin hannuna. Na ce bari in sha kunu in je in kira mai maganin dabbobi tun abin bai yi nisa ba.

Hansai na zaune, ta tallafe haɓa. Ba da faɗa ta yi maganar ba, da ma da faɗa ne da na samu abin cewa.

"Malam," in ji ta, "da ni tunkiya ce, da tun satin farko ka gane."